Yadda Likkafanin Inna Ya Iso Gummi

Na daɗe ina lodin mota a tashar Gummi, kuma abin da na iya a duniya shi ne layi. Motar da ta fara shigowa ita ke fara lodi. Fasinjan da ya riga zuwa shi ke zaɓen wurin zama. Buhu a ƙasa, kwalla a sama, kaji a gefe inda za su sha iska. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma ban taɓa yarda wani mai babbar riga ya tsallake wata tsohuwa ya hau gaban mota ba. Da wannan hali na raka Inna, mahaifiyata, aikin Hajji, ina zaton filin jirgi ma tasha ce, girma kawai ya fi tamu.

Zuwa bai ba mu wahala ba. Aikin ma Allah Ya sauƙaƙa, Inna ta yi komai da ƙafarta, har ta riƙa tsokanar 'yan matan da ake turawa a keke. Dawowa ce ta zame mana aiki na biyu.

Da aka sauko daga Arfa aka gama jifa, sai aka ce mana jiragen komawa za su bi tsari: wanda ya fara zuwa shi zai fara tafiya. Wannan magana ta yi mini daɗi, don yarena ce. Sai dai mu a jiragen ƙarshe muka zo, saboda haka muka zauna a masauki a Makka muna kallon mutane suna tafiya, mako na bin mako. Daga gida ana bugo waya ana cewa ruwa ya zauna, an yi shuka, an yi noman farko, gero ya kai gwiwa. Ni kuwa ina kwance a kan katifa a hawa na sama, ba abin da nake nomawa sai gemu.

Alhajin da ba shi da aikin yi kasuwa yake shiga. A ɗakinmu akwai wani mutumin Bukkuyum, mai sayen zinari a hannun masu haƙa, mutum mai fara'a da yawan magana, wanda bai taɓa fita ya dawo hannu rabbana ba. Yau bargo, gobe agogo, jibi tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Ya sa haƙorin Makka tun makon farko, daga nan dariyarsa ta ƙaru don haƙorin ya samu fita. Na sha yi masa faɗa.

"Alhaji, ina za ka zuba wannan tarkace? Jirgi ba a-kori-kura ba ne."

"Malam na tasha," in ji shi, don haka yake kirana, "kai dai bari. Wanda yak kawo mu Shi ka mai da mu, da mu da kayanmu."

Inna ba ta shiga wannan hauka ba. Ta sayi dabino da bagaruwa da 'yan zobba saboda jikoki, sai abu guda da ta ce shi ta zo ɗauka tun daga gida: farin yadi na likkafaninta. Tsofaffin wajenmu da yawa haka suke yi. Su sayi yadin a Makka, su wanke shi da ruwan Zamzam, su shanya ya bushe, su kai gida su ajiye a ƙasan adaka har ranar da za a nema. Ni na raka ta shagon. Ta murza wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan a haske, ta sa aka auna mata na mace cikakke har da ƙari, wai kada masu yanka su yi ƙorafi. Sannan ta yi ta jigilar Zamzam daga Harami a 'yan gorori, kullum kaɗan, tana tarawa a roba har ya isa. Ta wanke da hannunta, ta hana kowa taɓawa, muka hau rufin masauki muka shanya. Ranar Makka ba ta wasa, kafin la'asar ya bushe ƙayau. Ta ninke, ta sa a leda, ta ɗora a ƙarƙashin matashinta.

Bayan nan jami'in alhazai ya tara mu ya faɗi dokar kaya. Na saurara da kyau, na je ɓangaren mata na aika a kira mini Inna, na zaunar da ita a barandar masauki na jera mata. Na farko, kowane alhaji jaka biyu gare shi, babba da ƙarama. Na biyu, babbar za a auna ta tun yanzu a tafi da ita, sai mun haɗu a gida. Na uku, ƙaramar ita ce ta hannu, ita ma tana da iyakar nauyi, kuma ba a yarda da ƙunshi ko leda bayan ita ba. Na huɗu, ko ɗigon Zamzam ba a sa wa a jaka; in na'ura ta gani, jakar za ta kwana a ƙasar Larabawa.

"Saboda haka, Inna, yadin nan babbar jaka zai shiga. A can akwai wuri."

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. In za ta yi mini magana sai ta kalli gefe ta ce "kai". Ta kalli gefe.

"Kai, ba ni sa shi cikin babbar jikka."

"Don me, Inna?"

"Matar liman da tat tahi bara waccan, sai da anka yi girbi kana jikkarta ta iso. In nim mutu kahin tawa ta iso hwa? Da mi za ku rufe ni, da rasit?"

Na ce ba za ta mutu ba in Allah Ya so. Ta ce ashe har na fara sanin gaibu tun ban koma gida ba. Na ga ba riba, na ce to, ƙaramar jaka. Na kwashe kayan na sake shiri yadda ya kamata: yadi a ƙasa, dabino a kansa, zobba da bagaruwa a aljihun gefe, magungunanta a sama inda hannu zai kai. Butar shayi da ta saya na mayar babbar jaka. Mutumin Bukkuyum yana da ɗan sikeli mai ƙugiya, na ara na rataya jakar, allura ta tsaya daidai bakin iyaka. Na ja zip, na ce kada a ƙara ko allura. Ta ce to.

Ranar da aka kafe sunayenmu, muka yi ɗawafin bankwana, motoci suka kwashe mu zuwa Jidda. Na miƙa hannu zan ɗaukar mata jaka, ta ce in bari, ba ta tsufa haka ba. Ta rungume ta a cinya har muka isa. Na ɗauka son kayanta ne kawai.

Filin jirgin alhazai a Jidda wata irin rumfa ce mai tsawo, sama a rufe, gefe a buɗe, iska mai zafi tana ratsawa. Kowace ƙasa da inda ake zube ta. Aka nuna mana namu wurin aka ce jirgi na nan tafe. Abu na farko da na yi shi ne neman ƙofar da za a shiga. Na same ta, na ajiye jakata a bakinta, na ɗora takalmina a kai, na ajiye buta a baya a matsayin Inna. Sannan na bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya na sa kowa ya ajiye alamarsa a bayan tamu. Kafin azahar layin jakunkuna ya miƙe sambal kamar kunyar gona. Wani jami'i ya wuce ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, aka nuna ni. Na ji daɗi.

Jirgi bai zo ba. Aka ce yana Kano. Aka ce ya taso. Aka ce wanda ya taso ba namu ba ne, na wata jiha ne. Aka ce namu yana nan a ƙasa amma matuƙin ya cika awoyinsa, dole ya yi barci. A tasharmu in direba ya ce barci yake ji, sai a ba shi goro a kira na bayansa. Nan kuwa ba na baya. Muka shimfiɗa darduma muka zauna. Gari ya waye, aka raba shinkafa a 'yan kwalaye. Gari ya sake wayewa, aka sake raba shinkafar.

A cikin wannan zama ne, da hantsi, na je gaishe da Inna a inda mata suke, na ji wani wari-wari kamar na kayan wanki da aka manta a bokiti. Na duba, sai na ga ƙasan jakarta ya yi duhu, tayil ɗin wurin da danshi. Na ɗaga jakar, hannuna ya gaya mini ba wadda na auna ba ce.

"Inna, me kika ƙara?"

"Ban ƙara komi ba."

Na buɗe. Dabino na nan, zobba na nan. Na zaro ledar ƙasa, sai ga yadi jiƙe sharkaf, an ƙulle shi cikin leda kan leda, ruwa yana tsattsafowa ta wani ɗan huji.

Wata tsohuwa 'yar Anka da suke ɗaki ɗaya da Inna tana zaune a gefe tana jan carbi, ta juya mana baya a hankali. Daga nan na gane inda shawarar ta fito. Ita ta gaya wa Inna cewa wankin farko rana ta shanye shi, Zamzam ɗin ya koma sama, abin da ya rage yadi ne kawai irin na kasuwar Gummi. Mai hankali, in ji ta, a ranar bankwana yake sake tsomawa, ya ƙulle, ya kai gida da ruwansa, ya shanya a inuwar ɗakinsa albarkar ta zauna a gidan.

"Inna, ba na ce miki ba a sa Zamzam a jaka ba?"

"Ni ban sa ruwa ba. Yadi nis sa."

"Yadin da ruwa a jikinsa."

"To shi yas sha, ba ni ba."

Na haɗiye abin da ya taso mini, don uwa uwa ce ko a filin jirgi. Sannan na warware bakin yadin na nuna mata wasu 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe da suka fara fitowa a wurin ninki. Na ce wannan fumfuna ce. In ya ƙara yini a leda cikin wannan zafi, kafin mu isa gida zai zama kamar fatar zabo, kuma ba sabulun da zai fitar. Nan fuskarta ta sauya. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta kankara da farce. Duk zaman da muka yi a ƙasar nan ban ga tsoro a idonta ba sai ranar.

"Kai, a shanya shi. Yanzu."

A ina? Ba igiya, ba katanga, ƙasa kuwa dubban ƙafafu sun taka. Na je na taso mutumin Bukkuyum daga barci. Muka jawo kurayen tura kaya muka jera a bakin rumfa inda rana ke taɓawa, muka matse yadin a cikin butoci, don Inna ta ce ko ɗigo kada ya zuba a ƙasa, muka ɗora. Tsawonsa ya fi kurayen. Sai mutumin Bukkuyum ya kama baki ɗaya na kama ɗaya, muka ja baya muna kaɗawa sama da ƙasa kamar marina. Alhazan wasu ƙasashe suka tsaya suna kallo. Wasu suka ɗaga waya suna ɗaukar mu hoto.

"Malam na tasha, yi murmushi mana," in ji shi, haƙori na walƙiya. "Yau hotonka har Indonisiya."

"Ja bakinka da kyau, yana taɓa ƙasa."

Tsohuwar Anka ta ga abin da ake yi, ta lallaɓo da tata ledar ta tsaya a gefe. Nata ɗan guntu ne, kura ɗaya ta ɗauke shi.

Gefuna sun fara bushewa, tsakiya da sauran danshi, sai muka ji ihu daga cikin rumfa: "Zamfara! Zamfara! Jirgi!" Na waiwaya. Layin da na yi kwana da kwanaki ina kiwo ya watse cikin ƙiftawar ido. Kowa ya suri jakarsa ya ruga ƙofa, na baya ya zama na gaba, masu ƙarfi suka danne marasa ƙarfi. Na hango takalmina ɗaya yana yawo a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Ni kuwa ina riƙe da bakin likkafani, ba halin saki. Muka tattara shi a gurguje, muka kwaso Inna da butocinta, na ɗauki jakata, na tsinci takalmi ɗaya a nan ɗaya a can. Da muka isa ƙofa, mu ne na ƙarshe.

Ko a nan mutumin Bukkuyum sai da ya ce mu jira shi. Ya shiga bayan wani ginshiƙi da ƙullin kayansa, ya fito ya ninka girmansa. Jallabiya kan jallabiya har ban iya ƙirgawa ba, kwat a sama, bargo a kafaɗa kamar mai jin sanyi, huluna a jere a kansa kamar tulin ƙwarya, agogo a kowane hannu har gwiwa. Tafiya yake kamar ɗan kaciya.

"Alhaji, ba ka ji kunya ba? Da girmanka?"

"Abin da ke jiki ba a auna shi, Malam. Doka ta ce jikka, ba ta ce mutum ba."

Na ce wannan rashin tsari ne, kuma ni ba ruwana.

A bakin ƙofa akwai sikeli, a gefensa tsibin kayan da aka ƙwace ya kai ƙugu: barguna, dabino, tukwane, 'yan tsana, har da keken yara. Mai awon ɗan ƙasarmu ne, gumi ya jiƙa masa riga, muryarsa ta dushe. Na ɗora jakata, ta wuce. Na ɗora ta Inna ba yadi, ta wuce. Sai ya nuna abin da ke rungume a ƙirjina.

"Baba, wannan fa?"

"Na cikin jakar ne. Fito da shi muka yi ya sha iska."

"To a mayar a auna."

Na mayar. Yadin da ya sha ruwa ya sha iska ba ya komawa yadda ya fito. Ya kumbura, zip ya ƙi rufuwa. Na danna da gwiwa, na ɗora a sikeli haka nan, allura ta zarce iyaka ta yi gaba abinta. Na kwashe dabinon na zuba a aljihuna, na sake ɗorawa. Har yanzu da saura. Na gwada raba kayan da tawa jakar, tawa ma ta haura.

"Baba, jirgi ku yake jira. Ko dai a ajiye shi a nan, ko Hajiya ta yafa a jikinta ku wuce."

Na juya wurin Inna. "Inna, ko za ki yafa shi a kan hijabi, iyakar mu shiga?"

Ta kalle ni, wannan karon ba gefe ba, ido cikin ido.

"Ka gaji da ni ne? In shiga likkafanina da raina, in hau jirgi?"

Matan da ke gabanmu suka kwashe da salati. Mai awo ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Inna ta karɓe yadin daga hannuna ta zauna a kan jakarta a tsakiyar hanya, ta ce mu tafi, ita ta ga wurin zama. In ya so a rufe ta a Jidda, ai kusa da Makka ne, kuma kayan aikin na hannunta.

Mutumin Bukkuyum ya matso da ƙyar cikin rigunansa, ya dubi yadin, ya dubi kaina.

"Malam, cire hularka."

"Me za ka yi?"

"Rawani."

"A'uzubillahi. Likkafani ne fa."

"Likkafani sai an yanka. Yanzu yadi ne, ɗan'uwan wanda liman ka naɗawa ranar Juma'a. Hajiya, ko ba haka ba?"

Na tabbata Inna za ta ƙi. Sai ta shiga auna kaina da ido kamar mai sayen tulu.

"Naɗa mai," in ji ta. "Kan nan tun yana yaro ƙato ne. Bari yau ya yi amfani."

Na tsaya ƙiƙam a gaban jama'a, mutumin da na gama yi wa wa'azin tsari yana zagaya ni yana naɗi. Ya naɗa, ya naɗa, yadi bai ƙare ba. Ya sauko da wani ta ƙarƙashin haɓa, ya mayar sama, ya sake zagayawa, ragowar ya sako mini a kafaɗa. Da ya gama sai na ji kamar an ɗora mini tulun ruwa. Danshi ya fara bin bayan kunnena. Mai awo ya auna jakar Inna, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya matsa gefe.

"Allah Ya ja zamanin Sarkin Tasha," in ji mutumin Bukkuyum. "A buɗe hanya."

Na kama hannun Inna muka wuce.

Saura ƙofar bincike, inda ake ratsa wata na'ura. Balaraben da ke wurin ya ga rawani ya miƙa hannu ya taɓa, ya ji sanyi, ya dubi tafinsa. Ya yi mini alama in warware. Na nemi mai naɗi, sai na hango shi a can gefe an tsayar da shi, ana cire masa riguna ɗaya bayan ɗaya kamar ana ɓare albasa. Na warware da kaina, yadi ya yi ta sauka, Inna tana tarewa da hannu biyu kada ya taɓa ƙasa. Balaraben ya yi tambaya da harshensa. Ba mai fassara a kusa. Inna ta nuna yadin, ta nuna ƙirjinta, ta rufe ido ta kwantar da kai a kafaɗa. Mutumin ya gane. Ya ajiye sandar bincikensa, ya karɓi yadin da hannu biyu, ya sa a wani faranti mai tsabta ya tura cikin na'ura, ya zagaya ya tarbe shi da kansa ya miƙa mata yana wata addu'a. Ta ce amin, ko da ba ta ji ba.

Gaba kuma akwai wani mai duba abin da ke hannun mutane a bakin jirgi, saboda haka dole yadi ya koma kai. Ni ban taɓa naɗa rawani ba. Inna ta ce in durƙusa. Ta naɗa mini irin naɗin da ta iya, wato ɗaurin kallabin mata na zuwa biki, da ƙulli a gaba da kunnuwa biyu a tsaye. Haka na shiga jirgi. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta ce mini sannu da zuwa tana kallon silin. Alhazan da suka riga mu zama, waɗanda na jera wa jakunkuna da hannuna, suka bi ni da ido har kujerar ƙarshe kusa da bayi. Wani daga tsakiya ya ce, "Hajiya, ga wuri nan," jirgi ya ɗauki dariya.

Da muka zauna na sauke shi na ɗora a cinya, na ce alhamdu lillahi, an gama. Jirgi ya tashi, ya daidaita a sama. Sai ga keken abinci ya taho, ana miƙa shayi da miya a 'yan robobi ta kan mutane, jirgi kuma yana ɗan girgiza. Inna ta dubi shayin, ta dubi farin yadi. Akwatunan sama duk a cike suke, ƙarƙashin kujera kuwa ta ce wurin takalmi ne.

"Kai, mai da shi bisa."

Mutumin Bukkuyum, wanda aka bar wa rabin rigunansa, ya taso daga kujerarsa ya sake yi mini naɗin maza. Sanyin jirgi ya haɗu da danshin yadi. Kafin mu tsallake teku na fara atishawa, kuma duk wadda na yi sai Inna ta ce in kau da kai kada in fesa wa jelar rawanin.

Da rana tsaka muka sauka Sakkwato, ana yayyafi, ƙasa duk caɓi. Manyan jakunkuna, aka ce, suna tafe a wani jirgin, a riƙa leƙowa. Inna ta dai kalli gefe ta gyara hijabi. Aka miƙa wa kowane alhaji jarkarsa ta Zamzam a rufe da hatimi. Ƙanena da ya zo tarbarmu da mota ya wuce ni sau biyu yana neman yayansa. Da ya gane ni sai ya durƙusa.

"Yaya, sarauta anka ba ka can?"

"Ɗauki jaka ka rufe mini baki."

Na so in sauke a mota, amma but ɗin motar ya cika da jarkoki da buhun wani fasinja, ciki kuma mun matsu, har da tsohuwar Anka da mutumin Bukkuyum da muka rage wa hanya, yara biyu na ƙanena suna cin ƙosai da mai a hannu. Inna ta ce ya zauna inda yake har gida. Muka kama hanya da wuri don a isa da sauran rana, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Muka ratsa Anka muka sauke tsohuwar nan da guntun yadinta, a mararraba muka sauke mutumin Bukkuyum. Ya leƙo ta taga ya ce in Sarki ya huta zai zo gaisuwa. Gero a gefen titi ya kusa ɓoye mutum.

Hanyar gidanmu ta gaban tasha ta bi, ba wata. Na sunkuya, amma rawani irin wannan ba ya sunkuyuwa. Wani direba ya hango, ya buga ƙaho, na kusa da shi ya buga, kafin mu wuce tasha duka ta ɗauka. Har yau in na tsawata wa direba kan ya tsallake layi, sai ya dunƙule hannu ya ce, "Ranka ya daɗe."

A gida mata suka yi guɗa, aka kawo fura, maƙwabta suka cika zaure. Inna ba ta zauna ba. Ta ja ni tsakar gida, ta sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta warware yadin daga kaina da hannunta, ta bi shi taku-taku tana dubawa. Fumfunar ba ta ƙaru ba. Ba shayi, ba miya, ba caɓi. Sai da ta zo wurin da ya zauna a goshina ta tsaya. Wani zobe ne ruwan ƙasa, na gumi da man kai, ya zagaye kamar bakin tukunya.

"Dubi aikinka."

"Inna, daga Jidda fa na ɗauko shi."

"Na sani. Ɗauko jarkarka."

"Tawa? Na yi wa mutanen tasha alkawarin kowa zai samu kurɓi."

"Tawa ta jikoki ce da maƙwabta. Kanka yaɓ ɓata, ruwanka ka wankewa."

Na ɗauko. Ta fasa hatimin, ta juye a sabuwar roba, ta zauna a kujerar tsakar gida ta wanke wurin a hankali har zoben ya fita, ta tsoma sauran duka ta matse. Muka ɗaura sabuwar igiya daga rumbu zuwa bishiyar darbejiya muka shanya. Ta sa aka ɗaure awaki. Baƙi suna zaure suna jiran Alhaji ya fito ya ba su labarin Makka, ita kuwa ta jawo mini kujera ta ajiye a ƙarƙashin igiyar, ta dubi gabas inda hadari ke haɗuwa.

"Zauna nan ka tsare shi har ya bushe. In ruwa ya sauko, kwashe ka kawo ɗaki." Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Da hannu. Ban ce ka naɗa ba."